Fasali a kan Tafiyar Ƙasa Bayan Furfura

Da sunan Allah nake farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana almajiri, da kai abokina ɗan kasuwa, ku saurari labarin tsohon da ya bar rumfa ya ɗauki sanda. Ni ne tsohon nan. Shekara 40 na yi ina sayar da goro a Kano, har na kan gane huhu mai kyau tun ba a kwance shi ba. Da uwargidana ta rasu, Allah ya gafarta mata, sai kasuwa ta fita daga raina, ƙafata ta riƙa ƙaiƙayin hanya.

Ka sani wannan ƙaiƙayi gado ne. Kakana da ƙafa ya tafi Makka. Ya bi ta Barno, ya ratsa ƙasar Wadai ta Abeche, ya shiga Darfur. Da guzuri ya ƙare, ya tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, kusa da Mai Wurno, garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Sa'an nan ya haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Sai da ya shekara 7 kafin ya komo gida. Ni kuwa da na yi hajji, jirgin sama ne ya kai ni cikin 'yan sa'o'i. Wannan rahama ce, ban raina ta ba. Amma na daɗe ina marmarin in san abin da hanya ta koya masa. Hanyarsa ba ta biyuwa gare ni: ga tsufa, ga iyakokin ƙasashe, ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Don haka na ce bari in taka ƙasar da ke kusa da ni.

Wata rana bayan sallar asuba na rataya gafaka, na ɗauki buta da buzu, na nufi Daura, ban yi wa kowa sallama ba. Na ce a raina na saki duniya. A rana ta uku na yi zango a wani masallaci a Dambatta. Bayan lisha limamin, dattijo makaho, ya tambaye ni inda na fito da inda na nufa. Na faɗa masa ina jin daɗin kaina. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Alhaji, wa ka baro a baya yana kuka da kai?"

Daren nan ban rintsa ba. Na tuna autata, wadda aka sa wa rana, ba ta da uwa, ga shi uban ya sulale. Na tuna kuɗin huhu 2 na wani bafatake, wanda ya ba ni bisa amana ba tare da takarda ba. Da na mutu a hanya, wa ya san da bashin nan sai ni da shi da Allah? Ashe gudun nauyi na yi, na sa masa rigar zuhudu. Gari na wayewa na juya. 'Ya'yana maza sun riga sun zaga asibitoci suna nemana. Na nemi gafararsu, na biya bafataken, na aurar da yarinya, na rubuta wasiyya a gaban shaidu, na raba wa yara aikin rumfa. Sai bayan shekara guda na sake fita, wannan karon da rakiya har bakin gari.

Tun daga nan, kaka na wucewa nakan kama hanya, ba na komowa sai hadari ya fara haɗuwa. Na kai Daura ta Kazaure, na tsaya a bakin rijiyar Kusugu. Na kai Zariya, na kai Haɗeja. Ina tafiya daga asuba zuwa hantsi, in fake a inuwa, in ci gaba bayan la'asar. Dare ba ya riskata a daji, kuma ba na bin hanyar da mutanen gari suka ce babu aminci a cikinta, domin jefa rai cikin halaka ba tawakkali ba ne. Ba na bara. Ina ɗauke da ɗan koli, allura da zare da turare, ribarsa ita ce tuwona. Ba na wuce kwana 3 a gidan mai masauki, don kada alherinsa ya zame masa nauyi. Idan tafiya ta kai mil 48 nakan yi ƙasaru, idan na yi niyyar zaman kwana 4 in cika salla, kamar yadda muka karanta a Risala.

Ga abin da hanya ta koya mini. Duk abin da ka mallaka, wuyanka ne zai ɗauke shi. Na fita da riga 3, na kyautar da ɗaya a zangon farko. Na ga manomi wanda rumbunsa ya kusa ƙarewa ya kawo mini fura kafin ya tambayi sunana, ni da na sha korar mai nema daga bakin rumfa. Kuma na gane a wurin da ba a san ka ba, ba ka da daraja sai halinka.

To, ya kai almajiri mai yawon karatu, kada ka bar iyaye cikin zullumi, ka aika musu da labarinka. Ya kai ɗan kasuwa, kada ka jira tsufa kafin ka rage kaya. Wanda ke son tafiya irin tawa, ya fara sauke haƙƙin mutane, domin bashi da kukan iyali sun fi mai tafiya sauri, kuma suna jiransa a zangon ƙarshe, inda babu juyawa kamar yadda na juya daga Dambatta.

Allah ya yafe mana, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya saka wa limamin nan da alheri, ya sa mu cika da imani. Amin. Tamat.