'Yandoto: Tarihin Gari da Lissafin Mutanensa

Sarakuna biyu a ƙasarmu suna amsa sunayen da ba na garuruwansu ba. Na Gusau ana ce masa Sarkin Katsina, alhali tsakanin fadarsa da birnin Katsina akwai tafiya mai nisa. Na Tsafe kuwa ana ce masa 'Yandoto, alhali 'Yandoto gari ne dabam, ƙarami, wanda matafiyi zai iya wucewa a mota bai lura ba. Mun taso muna jin waɗannan sunaye a bakin maroƙa da masu shela, kuma abin da kunne ya saba da shi ba ya ba shi mamaki. Amma duk wanda ya bi diddigin sunayen nan biyu, wuri guda za su kai shi: wani ɗan gari a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, bayan an bar dutsen Kwatarkwashi, kafin a shiga Tsafe.

Ni ɗan Tudun Wadar Gusau ne. Nan aka yanke mini cibiya, nan na yi karatun allo da na boko. Sai dai idan aka tambayi mahaifina asalinsa, 'Yandoto yake cewa, duk da bai taɓa yin damina guda cur a can ba. Kakana ne ya baro garin yana saurayi, ya bar gona da 'yan'uwa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina kiran can "gida" ba. Saboda haka ina da haƙƙin tambayar da zan yi a wannan rubutu, tambayar da take da sauƙin faɗi: mutum nawa ne a 'Yandoto? Kafin a kai ga amsa, dole a san irin garin da ake magana a kai.

A zamanin da, wannan yanki ƙasar Katsina ne, ɓangaren da ake kira Katsina Laka. Labarin da Katsinawa suka gada ya ce Korau, wanda ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓe sarauta, mutumin 'Yandoto ne. Masana tarihi suna sanya zamaninsa a ƙarni na 15, kuma ana ɗaukarsa a matsayin Sarkin Katsina Musulmi na farko. Har gobe fadar Katsina Gidan Korau ake kiranta. Bayan zamaninsa garin ya yi suna da wani abu da ya fi sarauta daɗewa, wato ilimi. Kafin ƙarshen ƙarni na 18, 'Yandoto ta zama matattarar malamai, inda almajirai ke zuwa daga nesa don karatun Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci. Marigayi Yusufu Bala Usman ya yi bayaninta a littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883.

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, kan malaman garin ya rabu. Mafi yawansu ba su amsa kiran ba, waɗanda suka amsa kuwa, ciki har da Malam Sambo Ɗan Ashafa, sai da suka fita. Wajajen 1806 Muhammadu Bello ya iso da jama'arsa, ya nemi a zauna a yi magana, malaman suka ƙi ganinsa. Aka yi yaƙi, garin ya faɗi, mutanensa suka watse. Bello da kansa ya rubuta labarin a cikin Infaƙul Maisuri. Labarin ɗaya ɓangaren kuwa a bakin tsofaffi ya rage. Kakata takan ce iska ta yi kwanaki tana yawo da takardun malamai a cikin daji. Ba nawa ba ne in yi hukunci tsakanin malaman da suka riga mu gidan gaskiya shekaru fiye da 200. Abin da ya dame ni shi ne, a duk abin da na karanta, an ambaci shugabanni da hujjojinsu, amma ban ga inda aka faɗi yawan almajirai da mata da manoman da suka ɗauki kaya a ka suka bar gidajensu ba.

Daga wannan watsewa aka samu sunayen da na fara da su. Malam Sambo ya kafa Gusau, kuma da yake ƙasar ta Katsina ce, zuriyarsa suka riƙe sarautar Sarkin Katsina. Mutane ma sukan ce sunan Gusau daga "gusawa" ya samo asali. Tsafe kuma ta riƙe sunan tsohon garin a matsayin sarautarta. Ashe 'Yandoto ta haifi manyan garuruwa, ita kuma ta koma ƙarama.

Raguwa ta biyu ba takobi ya kawo ta ba. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sannan suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin ƙasa ya mayar da Gusau kasuwar gyaɗa da auduga. Kamfanoni suka buɗe kantuna, aka kafa gidan gurzar auduga, unguwanni irin su Sabon Gari da Tudun Wada suka cika da baƙi. Kakana cin rani ya zo, yana dako a tasha, da niyyar komawa kafin ruwan shuka. Rani ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama aure da gida da 'ya'ya. Da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama babban birni, sai aikin gwamnati da makarantu suka ƙara janyo samarin ƙauye. Irin wannan tafiya ba ta da ƙara. Yau mutum ɗaya, gobe biyu, har a wayi gari babban gida ya koma na tsofaffi da jikoki. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ba su faɗi halin da gidan yake shiga ba.

Raguwa ta uku a gabanmu take faruwa. Fiye da shekara 10 ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙasar Tsafe. Sunayen Ɗanjibga da Keta da Kizara da Bilbis da 'Yankuzo, waɗanda da muke ji ranar kasuwa, yanzu a labaran hari da satar mutane muke jin su. A watan Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar, muka yi makonni ba mu san halin da danginmu suke ciki ba sai ta bakin direbobi. A 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ba 'Yandoton Daji masarauta tata. A watan Yulin shekarar sunan garin ya cika kafafen labarai, saboda an naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sanda ke nema, sarautar Sarkin Fulani da sunan neman zaman lafiya, har gwamnati ta dakatar da sarkin. Garin da ya fitar da Korau, garin malamai, da wannan labari mutanen Legas da Landan suka fara jin sunansa. A duk rahotannin da na bi a lokacin, ban ga wanda ya faɗi yawan mutanen da ke kwana a garin cikin fargaba ba.

Abin da nake gani da idona shi ne mutane suna gusawa hawa-hawa. Na ƙauyukan cikin daji suna tahowa garuruwan bakin titi kamar 'Yandoto da Tsafe. Na bakin titi masu ɗan hali kuma suna wucewa Gusau. Saboda haka gari yana iya cika da baƙi a daidai lokacin da 'ya'yansa ke ficewa. A gidanmu na Tudun Wada mu 9 ne da can. A daminar da abin ya tsananta sai da muka kai 23. Zaure ya zama ɗakin kwanan samari, tukunyar tuwo ta canza, mahaifiyata ta koma auna hatsi da tiya maimakon kwano. Wata gwaggona, wadda a gida take da rumbu uku, ta zauna tana tsince wake a tsakar gidan wani, tana yawan cewa, "Ɗana, in hanya ta yi kyau jibi za mu koma." Shekara ta zagayo ba ta koma ba. Ba su cikin sansanin gudun hijira, don haka babu rajistar da ta san da su. A lissafin hukuma har yanzu suna ƙauye.

Lokacin da nake rubuta kundin kammala digiri na nemi alƙaluman garin. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta watan Maris na 2006, ina ɗan yaro. Ta ba Jihar Zamfara mutum sama da miliyan 3, ƙaramar hukumar Gusau sama da 380,000, Tsafe sama da 260,000, Bunguɗu sama da 250,000. Daga nan lissafin ya tsaya, domin ba a fitar da sakamakon gari-gari ba. Wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023 kuma aka ɗage ta. Duk wani adadi da ake ambata yau hasashe ne da aka ɗora a kan na 2006, ana ƙara kaso kaza kowace shekara, tamkar kowa yana nan inda aka bar shi. Hasashe bai san ƙauyen da ya tashi ba, bai san zauren gidanmu ba.

A Amurka ana ƙidaya kowace shekara 10 tun daga 1790. Akwai wani ƙauye a jihar Nebraska mai suna Monowi, wanda ƙidayar 2010 ta nuna mutum 1 tak ya rage a cikinsa. Su ma ƙauyukansu suna raguwa, samari suna tafiya birni kamar namu. Bambancin shi ne mai son sani zai iya bin alƙaluman ɗan ƙauye shekara goma bayan goma, ya ga lokacin da ya cika da lokacin da ya fara zubewa. Mu kuwa garin da ya shekara fiye da 500 a cikin tarihi ba shi da layi ɗaya na kansa a ƙidayar ƙarshe.

Na san akwai masu ƙyamar ƙidaya, kuma suna da dalili. Kakata ba ta taɓa faɗin yawan 'ya'yanta ba. In an matsa mata sai ta ce, "Alhamdu lillahi, suna nan," don a wurinta ƙirga 'ya'ya kiran baki ne. Kakana kuma abin da ya sani game da ƙidaya shi ne haraji da jangali: mai unguwa ya rubuta sunanka, dagaci ya zo karɓa, har wasu kan ɓoye samari da shanu in malamin haraji ya iso. Bayan mulkin kai ƙidaya ta zama fagen rigimar siyasa, har aka soke ta 1973 gaba ɗaya. Mutanen da aka saba ƙirga su don a karɓa daga hannunsu, ba abin mamaki ba ne su guji mai takarda da alƙalami.

Duk da haka, rashin ƙidaya ya fi cutar da talaka. Da alƙaluma ake raba ajujuwa da malamai, da gadajen asibiti, da allurar rigakafi, da taki, da kayan agaji. Yaran da suka zo gidanmu sun shiga makarantar da aka gina don 'yan unguwa kaɗai, aji ya cika har wasu suna zama a bakin taga. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Idan ba a san yawan mutanen gari ba kafin masifa, ba za a san yawan waɗanda ta ci ba. Mai son rage abin zai ce kaɗan ne, mai son zuzutawa zai ce dubbai ne, babu mai iya ƙaryata ɗayansu. Haka aka yi wa mutanen 1806, kuma ina tsoron haka za a yi wa namu.

Ba sai mun zauna jiran Abuja ba. Babu jaririn da ake raɗa wa suna ba da liman ba, babu mamacin da ake kai wa makwanci ba da saninsa ba, babu baƙon da ke sauka a unguwa mai unguwa bai ji ba. Ilimin yana nan a kawunan mutane, rubutawa ce ta rage. Da kowane masallaci da kowace unguwa za su ajiye littafi guda na haihuwa da rasuwa da masu zuwa da masu tafiya, ko da ajami ne, da cikin 'yan shekaru mun mallaki abin da hasashe ba zai ba mu ba. Dole kuma littafin ya zauna a hannun amintattu, domin a wannan zamani sanin dukiyar mutum da yawan iyalinsa makami ne a hannun mugu.

Ni na fara da abin da nake iyawa. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na zauna da gwaggona da sauran tsofaffin gidanmu, muna bin zuriyar kakan kakana gida-gida: wane yana 'Yandoto, wane yana Tsafe, wance ta yi aure a Funtuwa, wane ya tafi Kano bai dawo ba, wane an ɗauke shi a gona an biya kuɗi ya dawo, wane an biya bai dawo ba. Da farko gwaggo ta ƙi, ta ce ba a ƙirga rai. Na ce mata, "Gwaggo, ba lamba zan sa musu ba, sunayensu zan rubuta don jikokinki su san inda za su nemi danginsu." Ta yi shiru, sannan ta fara da waɗanda suka rasu, ta ce su ne suka fi saurin ɓacewa. Mun cika shafi 14, kuma har yanzu ba mu gama da ɗakin kakana ba.