Lokacin da Ake Rainon Malami Kafin a Miƙa Masa Alli

Duk wanda ya fita daga Kaduna ta Kawo ya kama hanyar Zariya, yana isa Rigachikun zai ga harabar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda kowa ya fi sani da NTI. An kafa ta a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Dalilin kafa ta guda ɗaya ne: malamai ba su isa ba. Ina fara maganata da wannan ne saboda 'yan baya suna ɗauka ƙarancin malamai sabuwar cuta ce da ta kama makarantun gwamnati jiya-jiya. Mu da muka shiga aji ɗaya a wancan zamani mun san ba haka ba ne. An yi ƙarancin a da, mai tsanani kuwa, sai dai a lokacin hukuma ta tashi tsaye a kansa, kuma malamin da ake da shi mutum ne mai daraja a unguwa.

A watan Satumba na 1976 an yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. A Unguwar Shanu, Unguwar Sarki, Abakpa, Badarawa da Kawo, iyaye suka yi ta jan 'ya'yansu zuwa makarantun firamare na gwamnati, wato LEA. Yawancinmu ba mu da takardar haihuwa, don haka sai a ce yaro ya ɗora hannunsa ta saman kai ya kamo kunnensa. In ya kamo, ya isa shiga. In bai kamo ba, sai baɗi. Azuzuwa suka cika maƙil, aka kafa allo a gindin mangwaro da dalbejiya, wasu makarantun aka raba yara gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma. Aka ɗauki malaman wucin gadi, waɗansu ba su daɗe da gama firamare ba, aka haɗa kowanne da wani tsohon hannu da zai riƙa duba shi. Domin irin waɗannan ne NTI ta riƙa buga darussa tana rarrabawa, malami yana aiki yana karatu, ranar Asabar da lokacin hutu ya je cibiya, har ya samu takardar Gired Tu.

Wannan takarda ta Gired Tu ita ce nake so mu ɗan daɗe a kanta, domin ita ce ƙashin bayan firamaren da muka sani. Yaro zai gama firamare a zaɓe shi zuwa kwalejin horon malamai, ya yi shekara biyar a makarantar kwana. Gwamnati ce ke ci da shi, ta ba shi kayan makaranta da littattafai, har da ɗan alawus na sabulu da kuɗin mota. Wanda ya riga ya gama sakandare kuwa, akwai gajeren kwas da ake yi masa. Talaka da ba shi da halin kai ɗansa gaba ya san in yaron ya shiga nan, to ya tsira, domin yana gamawa takardar kama aiki na jiransa. A cikin shekarun nan ba ƙunshin darasi kaɗai ake cusa masa ba. Ana koya masa yadda zai tsaya gaban allo ba tare da ya tare wa yara gani ba, yadda zai ja layi ya yi rubutu mai kyau da alli, yadda zai ƙera kayan koyarwa da kwali da marafan kwalba da tsinken tsintsiya, yadda zai cika rajista, yadda zai gane yaron da yunwa ke damunsa da wanda bai fahimta ba. Malami ɗaya ne ke riƙe da aji tun safe har tashi: shi ne na lissafi, shi ne na Turanci da Hausa, shi ke fita da mu wasan motsa jiki, shi ke kai mu gonar makaranta. Kafin a ba shi takarda sai ya fita gwajin koyarwa, malamansa sun zauna a bayan aji suna rubuta kurakuransa ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa ranar makaranta take da tsari. Da safe a yi layi, a duba farce da haƙori da gashi. Hedimasta yana zaune da jan biro, kowane malami ya kawo littafin shirin darasinsa na mako a sa hannu, wanda bai rubuta ba kuwa ba zai ji da daɗi ba. Rana tsaka sai a ji ƙarar Vespa a bakin ƙofa, sufetan makarantu ya iso ba sanarwa, ya shiga ajin da ya ga dama, ya ɗauki littafin yaron da ke can ƙurya ya duba ko ana yi masa maki. Muna karanta Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, in mun yi gaba a ba mu Magana Jari Ce. Malaminmu na aji uku, Allah ya jiƙansa, idan yaro ya yi kwana biyu bai zo ba, da la'asar sai ga kekensa a ƙofar gidan. Zai yi sallama, maigida ya fito ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, a gaisa, sannan ya ce, "Alhaji, ɗanka ne ban gani ba, na ce ko lafiya." Ba a sake fashi bayan wannan. A unguwa yake zaune, da shi ake sallar asuba, shi ke rubuta wa tsofaffi wasiƙa, shi ke karanta wa majalisa Gaskiya Ta Fi Kwabo. Akwai bulala, wani lokaci har ta wuce kima, wannan kam ba na kewarta. Abin da nake kewa shi ne malamin da ya san sunan kowane ɗayanmu da sunan mahaifinsa da sana'arsa.

Darajar nan tana da tushe. Kwalejin Katsina da Turawa suka buɗe a farkon shekarun 1920 ta horon malamai ce. A 1938 aka dawo da ita nan Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna, a 1949 aka mai da ita Zariya inda ta zama Barewa ta yau. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a Midil ta Bauchi, Abubakar Imam a ta Katsina. Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari duk a Kwalejin Kaduna suka yi karatu, duk kuma da alli suka fara cin abinci; Malam Aminu ne ma ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a zauren majalisa na Gidan Lugard daga aji aka ɗauko su. Wannan abin alfahari ne, amma a nan ne ma yoyon farko ya fara: da aka tashi cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa, makarantu aka shiga aka kwashe gwanaye. Bambancin shi ne, a lokacin ana kwasa ana zuba wasu, kwalejoji ba su daina yaye sababbi ba.

A sakandare kuwa, inda 'yan gida ba su wadata ba, gwamnati ba ta ji kunyar nemowa daga waje ba. Wanda ya yi Kwalejin Rimi, ko ta Tunawa da Sardauna, ko Kwalejin Gwamnati ta Kurmin Mashi a shekarun 1970 zai ba ka labarin malaman lissafi da kimiyya daga Indiya da Pakistan da Filifin, da na Larabci daga Misira da Sudan, da 'yan Gana da suka ƙware a Turanci, ga kuma 'yan bautar ƙasa tun daga 1973. Da yawa daga cikin 'yan Gana sun tafi a 1983 sa'ad da aka umarci baƙi marasa takardu su bar ƙasar, sauran baƙin kuma suka zare jiki da naira ta faɗi.

To a ina aka kwana? A majalisarmu ta bayan Magariba wannan magana ba ta ƙarewa. Akwai wani tsohon hedimasta a cikinmu da ke cewa ranar da aka rufe kwalejojin Gired Tu aka ce sai mai takardar kwalejin ilimi ta NCE zai koyar a firamare, ranar aka yanke jijiyar. Wani ɗan'uwanmu matashi, shi ma malami ne, yakan ce masa, "Baba, ku yi haƙuri, ba takarda ba ce matsalar. Ku a zamaninku albashi yana kai ku ƙarshen wata, har a ba ku bashin keke ko babur. Ni nawa ba ya kai ni sati biyu, ga haya ga kuɗin mota." Sai tsohon ya ce, "Ɗana, ban ƙi taka ba. Amma kai da kanka ka zaɓi koyarwa, ko don ba ka samu jami'a ba ne?" Yaron yakan yi shiru, domin ya san yadda abin yake: kwalejin ilimi ta zama wurin da ake tura wanda makinsa na jarrabawar shiga jami'a bai kai ba.

Ni a ganina duk su biyun suna da gaskiya, kuma abu ɗaya ne ya haifi ɗayan. Tun farkon shekarun 1980 da kuɗin mai ya ja baya, malaman firamare a jihohi da dama suka fara yin watanni ba albashi. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye darajar ɗan abin da ake ba su. Aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka mayar da biyan malamai hannun ƙananan hukumomi, aka sake dawo da ita a 1993. A cikin wannan kai-komo mai kaifin ƙwaƙwalwa ya gudu banki ko kwastan, iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu fatan malanta, guraben da suka rage kuma 'yan siyasa suka mai da su abin sallamar yaransu.

Sakamakon haka muka gani a 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, aka yi shelar ɗaukar 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a Janairun 2018. A 2022 aka sake sallamar 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama wata sabuwar jarrabawar. Har gobe in aka taɓo zancen majalisa rabuwa take yi. Masu goyon baya suna cewa wanda ba ya iya rubuta jimla ɗaya daidai ba shi da hurumin tsayawa gaban 'ya'yan talakawa, kuma ban ga mai musun wannan ba. Masu suka suna cewa an haɗa da na kirki, an wulaƙanta dattawa a bainar jama'a, an kuma bar azuzuwa fayau kafin sababbi su iso. Abin da ya fi damuna shi ne, jarrabawa tana nuna maka wanda bai iya ba, amma ba ta samar maka da wanda ya iya. A 1976 da aka ga malaman wucin gadi ba su ƙware ba, makaranta aka buɗe musu.

Yau kuma ba mutane aka rasa ba. Kwalejin ilimi ta Gidan Waya da ita kanta NTI suna yaye masu NCE kowace shekara. Ka zaga Hayin Banki, Rafin Guza ko Rigasa, za ka same su a ƙananan makarantun kuɗi suna karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wasu suna tuƙa Keke, wasu suna jiran shago. A gefensu kuma ga makarantar gwamnati da malama ɗaya ke fama da yara sama da ɗari, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Malami ya yi ritaya ko ya rasu, ba a cike gurbinsa sai an tara shekaru. Dalilin a bayyane yake: albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa, tallafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kuwa ya fi tafiya ga gini da kujeru, kuma gini shi ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Ba mu kaɗai ba ne, domin UNESCO ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Amma mu muna da abin da za mu waiwaya mu koya, don mun taɓa yi.

Ba cewa nake a tono Gired Tu yadda take a da ba, zamani ya wuce nan. Ruhinta nake so a dawo da shi. A zaɓi yara masu ƙoƙari tun daga sakandare, a ɗauki nauyin karatunsu na malanta da alawus, su sa hannu za su koyar na wasu shekaru a unguwannin da suka fito, aiki kuma ya zama yana jiransu. A mai da ɗaukar malamai abin kowace shekara, duk wanda ya bar aiki a maye gurbinsa kafin sabon zango. Dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 za ta ɗan riƙe tsofaffin hannu, amma ba za ta jawo matashi ba in albashi da ƙarin girma da fansho ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Tsofaffin hedimastocin nan da ke zaune a Kawo da Unguwar Dosa da Malali, da yawansu da sauran ƙarfi; a ba su ɗan abin mota su riƙa shiga aji suna zama a baya suna gyara wa sababbi, kamar yadda aka yi musu.

Ina kira ga gwamnatin jiha da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da shugabannin ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da Igabi su fito da adadin malaman da kowace makaranta ke da su da waɗanda take buƙata, a liƙa a ƙofar ofishin hedimasta kowa ya gani. Mu kuma iyaye, musamman waɗanda muka ci gajiyar LEA muka kwashe namu 'ya'yan zuwa makarantun kuɗi, kowa ya leƙa tsohuwar makarantarsa a wannan zangon, ya ƙirga yara, ya ƙirga malamai, ya kai wa kansilansa da ɗan majalisarsa lissafin a rubuce.