“Sai na yi shawara” ba ƙi ba ne

Ƴan uwana mata, akwai maganar da kowace mai sana'a cikinmu ta saba ji: “To, na gani, sai na yi shawara.” Da yawa mukan ɗauke ta ƙi ne, mu naɗe kayanmu, ba mu sake waiwayar gidan. Ni sana'ata man gujiya da ƙuliƙuli, kuma yawancin masu saye wurina yau da wannan maganar suka fara. Ba su saya ranar farko ba, sai da na koma.

Mace takan ce haka ne don dalili. Malamar makaranta tana jiran albashin ƙarshen wata. Matar manomi tana jiran ranar kasuwa, maigida ya kai hatsi ko akuya ya samo kuɗɗi. Mai tuyar ƙosai kuwa tana da wadda ke ba ta mai tun da daɗewa, tana jin nauyin barin ta haka kawai. Duka ukun suna buƙatar mai. Ranar da buƙatar ta tashi, wadda suka gani kusa-kusa ita za su aika wa yaro.

Wannan ya fi shafar mu masu asusu. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ƙa'idar ba ta sake ba: zubi kowane mako, ramce daga akwati, biya kan lokaci tare da riba. Akwati ba ya jiran kowa. Idan kika ɗauki jikka 20 kika sayi gujiya, kika soya, kika matse, man yana ajiye cikin ɗaki, ranar biya tana zuwa ko kin sayar ko ba ki sayar ba. Kuma kuɗɗin ba naki ke kaɗai ba ne, wata ƴar'uwa tana jiran su don nata jari.

Ga yadda nake yi. Tun ranar farko nakan tambaya: “Hajiya, man naki yaushe yake ƙarewa?” In ta ce sai bayan mako biyu, in rubuta a ƙaramin littafi, in koma kafin ranar. Wadda ba ta rubutu, ɗanta ko ɗiyarta na iya riƙe mata. In gidan na da nisa, saƙon murya a WhatsApp ya isa, ko kira ɗaya gajere. Idan na je, da gaisuwa nake farawa, in tambayi yara da jikin tsohuwa. Zumunta a ƙafa take, ciniki ma haka. Wani lokaci in bar mata ɗan mai a ƙaramar kwalba ta gwada a miyar dare.

Bayan ta saya sau ɗaya, nakan sake komawa in ji yadda ta same shi. A irin wannan komawar wata mai abincin sayarwa ta gaya mini lita guda ta yi mata yawa a biya lokaci ɗaya, rabi-rabi take so kowace safiya. Na riƙa aika mata haka. Daga baya ita ta haɗa ni da maƙwabtanta biyu.

Amma bibiya tana da iyaka. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Idan na koma sau biyu ko uku ba ta motsa ba, sai in bar ta, gaisuwa ta ci gaba a hanya da wurin buki. Ba na yi wa mace maganar kaya gaban baƙi ko gaban abokiyar zamanta, don kada ta saya saboda kunya ta ji haushina daga baya. Kuma ba na jawo sabuwar mai saye da bashi. Kuɗɗin akwati ba na rabo ba ne.

Kafin zaman mako mai zuwa, kowaccenmu ta tuno mutum uku da suka ce mata sai sun yi shawara, ta je ta gaishe su. In mun haɗu wurin zubi, sai mu ji abin da kowa ta samo. Allah ya sa albarka a nemanmu.