Furar da ke kai manomi azahar

A ƙasar Baudeta, cikin yankin Tasawa, kowa ya san fura iri biyu. Akwai wadda aka dama da nono, akwai wadda aka dama da ruwa zalla. Duka biyu suna cika ƙwarya, duka biyu suna cika ciki. Amma manomin da ya sha ta ruwa, kafin hantsi ya dubi ludayi yunwa ta dawo masa. Wanda ya sha mai nono kuwa yakan kai azahar yana riƙe da hauya. Me ya kawo wannan bambanci?

Abubuwa uku ne cikin cimaka ke ba jiki ƙarfi. Na farko shi ne gari da sukari. Su ne suka fi yawa cikin hatsi, dawa, masara, rogo da rake. Na biyu shi ne mai gina jiki, wanda masana ke kira furotin. Ana samun shi cikin wake, gujiya, nono, ƙwai, kifi, nama da fara. Na uku shi ne maiƙo, kamar man gujiya, man shanu da kitse.

Kamar yadda ake awon hatsi da tiya, ana awon ƙarfin cimaka da kalori. Garam 1 na gari yana ba da kalori 4. Garam 1 na furotin ma kalori 4. Garam 1 na maiƙo kuwa kalori 9 ne, fiye da ninki biyu ke nan.

Amma ƙarfi daban, ƙoshi daban. Abin da aka tsinka da ruwa ba ya daɗewa cikin tumbi, yana wucewa hanji da sauri. Abu mai kauri ya fi zama. A shekara ta 2018 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Bamako, babban birnin Mali. An ga tuwon hatsi da na dawa sun fi shinkafa, taliya da dankalin turawa daɗewa cikin tumbi. Cikin abubuwan nan uku kuwa, furotin ya fi kowane riƙe ciki. In ya isa hanji, sai hanji ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa an ƙoshi, saƙon kuma yakan jima. Maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, amma ba ya cin wuri. Mutum zai iya cinye ƙarfi mai yawa na mai bai ji cikinsa ya cika ba. Nono yana da furotin, yana da maiƙo. Abin da ya sa fura mai nono ta fi daɗewa ke nan.

Narkar da abinci ma aiki ne, kuma kowane aiki yana cin ƙarfi. Cikin kalori 100 na furotin, 20 zuwa 30 suna ƙarewa wajen narkar da shi. Cikin 100 na gari, 5 zuwa 10. Na maiƙo ba ya wuce 3. Kada wannan ya sa a ce furotin hasara ne. Babban aikinsa shi ne gina tsoka da jini, da sa yaro girma. In tuwo ya yi kaɗan, jiki yakan ƙone furotin don ya samu ƙarfi, kamar wanda ya zare itacen rumbunsa ya hura wuta. Saboda haka hatsi da wake abokan tafiya ne. Akwai abin da furotin na hatsi ya gaza a kai, wake ya cike shi.

Jiki yana kashe ƙarfi ko da mutum na barci, gama zuciya na bugawa, huhu na shaƙar iska. Noma, daka, jan ruwa a rijiya mai zurfi da tafiya makaranta a ƙasa suna ƙara kashe wani. A nan wuyar take. A Baudeta da Mayahi aiki ya fi tsanani da damana, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa. Fura sai ta ƙara ruwa, nono sai ya gagari aljihu. Babba ya rame, ɗan makaranta ya kasa bin darasi, ƙaramin yaro ya kamu da tamowa. Cikin yaro ƙarami ne. In an cika shi da kunu tsararo, ya ƙoshi amma bai samu abin da ya ishe shi ba.

An ga haka a fili a 2005. Bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, tamowa ta kama dubban yara a jihar Maraɗi. Likitoci sun yi musu magani da Plumpy'Nut, wato niƙaƙƙiyar gujiya da aka haɗa da garin madara, mai, sukari da bitamin. Ƙunshi ɗaya garam 92 ne kawai, amma yana ɗauke da kalori 500. Wannan magani ne na asibiti. Sai dai gujiyar da ke cikinsa irin ta gonakinmu ce.

Da kaka, manoma da yawa sukan sayar da wakensu ga ƴan kasuwa masu kai shi Najeriya, don suna bukatar kuɗi, kuma suna tsoron ƙwari su ɓata shi. Wake kuwa ya ninka hatsi furotin. Buhu mai ruɓi uku da aka ɗaure tam yana hana ƙwari iska, wake ya kai damana lafiya. Gidan da ya ajiye ƴan tiyoyin wake da gujiya ya yi wa kansa tanadi. A zuba wake cikin dambu, a daka ƙuli-ƙuli cikin kwaɗon zogala, a sa cokalin man gujiya cikin kunun yaye. Hatsin bai ƙaru ba, amma zai kai mai noma azahar, ya kai ɗan makaranta tashi.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa uku ne cikin cimaka ke ba jiki ƙarfi?
2. Kalori nawa ke cikin garam 10 na man gujiya?
3. Don me kunu tsararo ba ya isar ƙaramin yaro?