Buhun Ƙyallen Goggo

A unguwar Hausawa ta Agege, can Ikko, akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo, babba da yaro, har da Yarabawan da ke maƙwabtaka da ita. Sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane tun da daɗewa. In baƙo ya zo nemanta, sai a ce masa ya tambayi gidan mai 'yar tsana, ko yaron goye zai nuna masa ƙofar.

A 1975 aka kawo ta amarya daga wani ƙauye na ƙasar Kano, cikin jirgin ƙasa, tana kuka tun daga tashar Kano har aka wuce Zariya. Mijinta fatauci goro yake yi, kamar yawancin Hausawan da suka kafa wannan unguwa. Yakan saya a hannun matan Yarabawa, a ɗaura huhu, a yi Arewa da shi. Ba su yi arziki ba, amma tukunya ba ta taɓa kwana ba a ɗora ba. Ana nan, ana nan, sai a 1987 ciwo na kwana tara ya ɗauke shi, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da ɗakin haya guda. Wanda ya ga wannan zamani ba ya bukatar a gaya masa yadda yake: shekara guda ke nan da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kome ya yi tsada. Dangi suka aiko a mai da ita gida. Ta ce a dakata mata tukuna, ba ta kuwa faɗi dalili ba.

To, a zauren gidan da suke haya akwai wani tela mai keken Singer, wanda kullum da magariba yakan share ƙyallayen da almakashi ya zubar, ya tara a bakin kwata. Tana fita takaba ta aiki babban ɗanta ya roƙo mata su. Tela ya yi dariya, ya ce a kwashe, an ma rage masa aiki.

Abin da ta fara yi da su shi ne abin da hannunta ya sani tun tana ƙarama. A ƙauyensu 'yan mata kan yi 'yar tsana da kara ko da ƙashi, su ɗaura mata ƙyalle, su yi mata kitso, har su yi mata biki, a kai ta gidan miji da guɗa da 'yan kwanonin gwangwani. Amma ina kara a Ikko? Sai ta mai da abin duka na ƙyalle. Ta sami baƙin yadi ta yanka jiki, ta ɗinke da allura, ta cusa masa yayin ƙyalle har ya yi tauri, ta kitsa baƙin zare ya zama shuku, sa'an nan ta ɗaura mata zane da ɗankwali na atamfa iri ɗaya. Wadda ta fi tsada ita ce mai goyo, da ɗan majanyinta. Fuska kuwa ba ta yi mata, ba ido ba baki. Wani malami ya taɓa aiko mata da magana a kan yin siffa, ta aika masa da guda ɗaya ya duba, ya ga fuskar a shafe take, ya ce ai Nana A'isha ma ta yi wasa da 'yan tsana, a bar baiwar Allah ta nemi abincinta. 'Yar tsanar ma ba ta dawo ba, jikarsa ta riƙe.

Kwabo 50 ake sayar da ɗaya a lokacin. 'Yarta ke jera su a faranti ta zaga da su bayan an taso daga makarantar allo, ranar Salla kuwa kafin azahar farantin ya koma wayam. Daga nan ta shiga yin matashin kai da na kujera, da abin goge ƙafa na bakin ƙofa, wanda ake soka ƙyalle a jikin tsohon buhu har ya yi tsiri-tsiri kamar bayan bushiya, da zanen rufa gado na haɗe-haɗe da amare ke sa wa a jere. Yarabawa mutane ne masu son anko, in za a yi biki ko jana'izar tsoho sai mutum ɗari su ɗinka atamfa iri ɗaya. A irin wannan mako Goggo kan sami ƙyalle launi guda har ya ishe ta yin zanen gado sukutum, ba a gane na tsintuwa ne.

Mai karatu zai yi mamakin yadda wannan mata, da ba ta taɓa shiga aji ba, ta san labarin masaƙun ƙasar nan. Da yatsa ta san shi. Ta murza ƙyalle tsakanin babban yatsa da manuni, ta ce wannan ta Kaduna ce, wannan ta Nichemtex ce ta Ikorodu, wannan kuwa Holan ce, mai ita ta ji kuɗi. Atamfar da ake yi a Kakuri auduga ce tsantsa, in an sa mata dutsen guga sai ta kwanta, allura ta bi ta ba gardama. Da masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta dakatar da aiki a 2007, ba a jarida Goggo ta gani ba, a buhunta ta gani. Ƙyallen ya koma santsi, mai sheƙi, yana zamewa a hannu, in guga ya yi zafi ya ƙanƙance ya yi wari. Ita dai sunan da ta ba shi ke nan, roba. Kuma ga shi yanzu ƙyallen ma ba kyauta ba ne, don masu cusa matashi da makanikai masu goge baƙin mai sun koya wa teloli sayar da shi buhu-buhu. Ga 'yan tsanan roba na ƙasar Sin masu gashin doki da shuɗin ido sun cika kasuwa. Ciniki ya ja baya ƙwarai, amma ba ta ajiye allura ba.

Abin da ya kusa sa ta ajiye ta, daga cikin gida ya fito. Babban ɗan nan da ya roƙo mata ƙyallen farko ya girma, ya zama mai sayar da kayan gini, ya yi gida, ya yi mota. Ran nan, bayan ƙaramar Salla ta 2023, yana wucewa da abokan cinikinsa sai ya hango uwarsa tsugune a ƙofar shagon wani yaro tela, tana tsince ƙyalle daga cikin shara. Kai, abin ya ƙona masa rai. Ba za a ce ba shi da gaskiya ɗungum ba, gama a wurinmu ɗan da ya bar uwarsa tana tsince-tsince yana da hali, bakin duniya ba ya barinsa. Da dare ya zo, ya durƙusa, ya gaishe ta.

Ya ce, "Inna, don girman Allah ki bar wannan aiki. Me kika nema kika rasa? Ana cewa na bar ki kina tonon juji."

Ita kuwa ba ta faɗin sunansa, saboda ɗan fari ne. Ta ce, "Kai yaro, ɗauko mini akwatin can na ƙarƙashin gado."

Ya jawo, ta buɗe, ta fito da wani dogon tsiri na ƙyallaye da aka ɗinka gefe da gefe, kowanne kamar tafin hannu, ya koɗe, ya yi kusan kamu goma sha. Ta ce ya ƙirga. Ya ƙirga ya sami 48.

Sa'an nan ta gaya masa abin da ta ɓoye shekara 36. Ashe mahaifinsa ya rasu da bashin goro a kansa, naira 960, na wata Bayarabiya 'yar Shagamu da suka daɗe suna hulɗa. Ba takarda, ba shaida. Matar ta zo gaisuwa ran bakwai, ba ta ce kome ba, sai da za ta tafi Goggo ta raka ta soro ta ce ta san da maganar, mamacin ya faɗa mata yana kwance. Dalilin da ya hana ta komawa gida ke nan, ba ta so a bar shi da nauyin wani a kabari. Suka shirya a kan naira 20 duk wata. Da yake su biyun ba mai rubutu, sai suka yi dabara: ran da aka biya, Goggo ta raba ƙyalle biyu a gaban matar, kowa ta riƙe rabi. Ita ta ɗinka nata a jikin tsirin, Iya ta jefa nata a gwangwani. Akwai watannin da ba a samu ba, wata ƙyanda ta kama yaran, wata mai gida ya ƙara kuɗin haya, shi ya sa abin ya ɗauki shekara biyar da 'yan watanni maimakon huɗu. Iya ba ta taɓa aiko ɗan aike ba. Ran da aka cika, ta juye gwangwanin a tabarma, aka gwada kowane rabi da ɗan'uwansa, suka dace duka, matan biyu suka rungumi juna suna kuka a tsakar gida, yaran na makaranta.

Ta nuna masa wani kore mai zanen ganye, ta ce a watan nan ne aka kore shi daga makaranta saboda takalmi, ya yi fushi da ita kwana uku, yana ganin kuɗi a bakin zanenta amma ta hana. Ya tuna. Ya daɗe kansa a sunkuye. Da ya ɗago sai ya tambaya ko matar tana da rai. Goggo ta ce ta rasu tun zamanin Abaca, ta je ma ta yi wa 'ya'yanta gaisuwa, ta kai musu zanen gado.

Bai janye maganarsa ba a daren, ita ma ba ta ce za ta bari ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya lura tana laluben kafar allura, tana kai zare gefe, ya kai ta asibiti aka ce yana ce a ido, aka yi mata aiki a na dama. Kwana goma aka hana ta sunkuyawa, ta cika gidan da mita. Jikarta, wadda take kira kishiya, ita ke zura mata zare yanzu, kuma ta fara koyon kitsa shukun 'yar tsana, ko da yake Goggo ta ce kitson nata kamar kaza ta yi tono.

Zuwa shagon teloli dai ta daina, wannan kam ya samu. Amma duk ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, yaron shagonsa kan zo da buhu a bayan babur, ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya ce Alhaji ya ce a kawo. A Juma'ar farko ta kwance bakin buhun, ta zura hannu har gwiwa, ta murza, ta murza, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Koma ka gaya wa ubangidanka an cuce shi. Rabin buhun nan roba ce. In zai saya, ya riƙa zuwa da ni."