Ƙurar Da Ke Cin Kuɗin Cefane

'Yan'uwana mata, mu marubuta mun saba ɗora samarin littattafanmu a kan Marsandi, su zo zance gilasai a rufe, ko ɗigon ƙura bai taɓa shaddarsu ba. To amma ni a 'Yankara na tashi, a bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Tsafe da Gusau, kuma a wajenmu abin hawan da ya riƙe gidaje shi ne babur. Shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda asibiti. A 2021, da gwamnatin Katsina ta hana hawa babur da dare a ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka addaba, irin su Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, mun ɗanɗana yadda gida ke zama idan ƙafarsa ta karye.

Da kin sauka daga kwalta kin nufi ƙauye sai burji da jan ƙasa. Da hunturu ƙura, da damina taɓo. Mazanmu kuwa, Allah Ya ba su haƙuri, tanki suke gogewa har kina ganin fuskarki a jiki, su rufe kujera da leda, su rataya ado a madubi, alhali abin da ke kashe babur can ciki yake inda ido ba ya zuwa.

Inji numfashi yake yi kamar ni da ke. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone sai ya zuƙi iska lita dubbai, kuma iskar nan ta hanyarmu ce, da yashinta da komai. Shi ya sa aka ajiye wani soso a cikin akwati a gefen babur, iska ta bi ta cikinsa kafin ta isa kafireta. Rariya ce kawai, irin wadda muke tankaɗe da ita. Idan ta toshe, babur ya dinga shan mai kamar rairayi, yana baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, da safe a yi ta buga shi ya ƙi tashi. Idan kuwa ta yage, ko wani yaro ya cire ta wai don mashin ya ƙara gudu, to tsaki ya wuce cikin tuwo: yashi ya shiga ya yi ta goge ringi da fistin kamar dutsen niƙa, sai ki ga hayaƙi fari-fari na fita ta salansa, baƙin mai na ƙarewa. Daga nan sai sauke inji, kuma ko ba a faɗa ba kin san daga tukunyar wa kuɗin za su fito. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin fetur ya ninka fiye da sau uku, soson da bai kai kuɗin turmin atamfa ba shi ke shanye kuɗin miyarki a ɓoye.

Wata maƙwabciyarmu jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, da asuba. Mijinta ya yi ta buga Boxer ɗinsa a zaure har gumi ya jiƙa masa riga, shiru. Sai aro aka yi a gida na uku. Ta rayu, amma da bakanike ya buɗe akwatin washegari, ƙasa ya zazzage kamar an tona shuri.

Ban ce ki ɗauki sifana ba, kada a ce na zuga ki. Amma babur a zaurenki yake kwana. Ki yayyafa ruwa kafin ki yi shara, ki lulluɓe shi da tsohon zane ranar casa da sheƙa, don ƙaiƙayi ma toshe soso yake. Haƙarƙarin nan da ke jikin inji, ta nan yake shan iska ya huce. Idan taɓo ya bushe a tsakaninsu tamkar an rufa masa bargo ne a watan bazara, tsohon buroshi ya isa ya kankare shi. Ki hana yara sheƙa masa ruwan sanyi yana dawowa da zafinsa, a bari ya huce. Man kwalba na bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ranar juye baƙin mai ki riƙe ta kamar ranar zubin adashi.

Saura faɗa wa maigida, nan ne wuyar, don da yawansu cewa za su yi me mace ta sani a inji. Ni dai sai na bari ya ci ya ƙoshi, na ce, "Baban Ummi, ni kam kamar muryar mashin ɗin nan ta sauya kwana biyu, ko a duba soson ne?" Ya harare ni, ya ce yana sane. Da safe sai na ji ya aiki yaro sayo kananzir na wanke shi.