Hoto a Gindin Kwazazzabo

Lokacin da nake zaune a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, akwai wani tsohon Bature maƙwabcina wanda ba shi da abin sha'awa sai yawon daji da ƙafa. Wata Asabar ya ce in raka shi. Na rataya kyamarata, na ɗauki sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai, muka shiga jirgin ƙasa tun da asuba. Bayan awa biyu da 'yan kai muka sauka a Blackheath, cikin duwatsun da ake kira Blue Mountains. An ba su sunan ne saboda shuɗin hazo da ke lulluɓe su, wanda man ganyen itacen turare ke haddasawa.

Dutsen wurin asalinsa rairayi ne. Koguna suka tara shi fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, ya danne ya ƙanƙare, sa'an nan ruwa ya yi ta cinsa har ya tsaga shi. Tsagin da muka nufa sunansa Grand Canyon, amma ba na Amurka ba. An buɗe hanyarsa a 1907, zagayenta wajen kilomita 6 ne. Muka yi ta gangara matakala har muka isa gindi, inda wani rafi ke gudana tsakanin bango biyu masu launin ƙasa-ƙasa da ruwan goro.

To, a nan na gane cewa ido ya fi kyamara. Ido yana ganin bakin kwazazzabo da rana ta haska, ya kuma ga gindinsa mai duhu, duk a lokaci guda. Ita kuwa kyamara, in na daidaita ta da sama sai ƙasa ta fito baƙi ƙirin, in na daidaita ta da ƙasa sai sama ta fito fari fat. Maganin abin shi ne girgije, don in ya rufe rana haske yakan bazu ko'ina daidai. Na kafa sanda, na zauna ina jira.

Can bayan azahar sai ga hadari ya taso. Kai, farin ciki ya kama ni. Bangon nan ya fito da layi-layinsa, gansakuka ta yi kore shar. Ina waiwaya sai na ga tsoho yana ɗaure jakarsa.

Na ce, "Baba, yanzu fa hasken ya yi kyau."

Ya ce, "Yaro, abin da ya gyara maka haske shi zai kawo mana ruwa. Ƙasar kan dutsen nan ba ta da kauri, ba ta shan ruwa da yawa. Ko a nesa aka yi shi, nan zai taru, kuma bangon nan ba ya hawuwa."

Na roƙe shi minti ɗaya. Minti ɗayan nan ya zama goma, domin kowane hoto sai an bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa da dama, ni kuwa har uku na ɗauka. Bai ce mini kome ba, bai kuma tafi ya bar ni ba. Kafin mu kai mashigi na ƙarshe ruwan sama ya kece, rafin ya yi ja, ya fara lasar duwatsun da ake takawa. Na riƙe hannunsa muka haye, ina jin yana rawa. Muka hau matakalar da ke fita Evans Lookout a jiƙe sharkaf, ba mai magana.

Cikin hotunan nan uku ɗaya ya yi kyau ƙwarai, ruwan ya fito kamar an shimfiɗa auduga. Yana rataye a ɗakina, duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. Ni kuwa in na dube shi, tsohon nan nake gani tsaye a kan dutse mai santsi yana jirana. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Tun daga ranar, in na shiga kwazazzabo, sai na dubi sama kafin in buɗe jakar kyamara.